Zaman Laraba da Ungozomar Manchok

Shekarar da baƙon dauro ya cika mana ɗakin yara a asibitinmu na Kafanchan, ina sabuwar nas. Babbar Sista ta lura muna tashi aiki ba mai ko kallon wani, sai ta ce kowace Laraba da yamma mu zauna, a buɗe da addu'a, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa. Ta ja kunnenmu cewa maganar ba ta fita waje.

Na yarda da ita, na buɗe baki. Na ba su labarin wata mata daga Godogodo da ɗanta ya cika a bayanta, ta riƙa kama hannuna tana ɗorawa a ƙirjinsa wai in ƙara dubawa. Na ce tun ranar abinci ba ya shiga, kuma hannuna na rawa in zan yi wa yaro allura.

Wata ungozoma 'yar Manchok, wadda ta haife ni a shekaru, ta yi tsaki.

"Yarinya, ni nawa na binne, na dawo aiki, wa ya zauna ya saurare ni? In ba ki iyawa, koma gona."

Sista ta nemi ta sassauta, amma manyan duk sun bi bayan ungozomar. Ba a yi mako ba wata uwa ta janye ɗanta daga gabana, ta ce a kira wata, ta ji an ce hannuna na rawa.

Larabar da ta biyo na tambayi ungozomar a gaban kowa ko ita ta kai maganar waje. Ba ta musa ba. Ta ce in ɗanta ne kwance, za ta so a gaya mata.

"Mama, ba tausayin yaran ba ne," na ce. "Kin ji zafi ne an saurare ni."

Ta miƙe, har kujera ta faɗi. Aka shiga tsakani, aka watse ba addu'ar rufewa. Daga nan zaman ya mutu.

Mun daɗe muna aiki tare, ina miƙa mata almakashi, tana karɓa, ba gaisuwa. Da ta yi ritaya aka yi mata liyafa da shinkafa da kaji. Ni kuwa ranar na karɓi aikin wata nas, na zauna da marasa lafiya.