Likitan da ya tsare ni ta bayan shinge

Ƙafata ɗaya na kan matakalar lilon nan mai juya mutum kai ƙasa, sai na ji an ƙwala mini kira: "Laoban!" wato oga da Sinanci.

A wurin wasanni na Panyu ne, shekarar Olamfik. Na kama mana ɗaki ni da yarana a otal ɗinsu, don da safe masu zaren shaidar otal ɗaure a hannu kaɗai ake bari su fara shiga.

Ina waiwayawa sai ga likitan da bai daɗe da yi mini tiyatar afendis ba, yana bayan shinge da 'yarsa. Mai gadi ya hana shi wucewa, shi ba baƙon otal ba ne.

"Ɗaga rigarka," ya ce da Turancinsa.

"A nan, likita? Ai yau hutu kake."

"Ni nake hutu, ɗinkinka ba ya hutu."

Haka na yaye riga a gaban jama'a. Ya leƙa ta tsakanin ƙarafa, ya girgiza kai, alamar kada in hau. Yarana suka hau suna ihu, ni na ƙare a benci ina gadin jakunkuna.

Zare ya buɗe mini ƙofa, marar zare ya rufe ta. Da ku ne, za ku sauko, ko za ku yi kamar ba ku ji ba?