Abu Talj Ya Je Ganin Ƙanƙara

Duk wanda ya san layin ɗakunan sanyi na Mahjar a Jidda ya san Alhaji Ousmane, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke fitowa da azahar daga mustauda, babban ɗakin ajiyar daskararrun kaji da nama, sanye da rigar sanyi har gwiwa da hula mai rufe kunne, alhali mutane a waje na sharce gumi suna neman inuwa. Abokan aikinsa Yamalawa suka sa masa suna Abu Talj, wato uban ƙanƙara, sunan kuma ya bi shi har unguwar Kurayyat inda yake zaune da iyalinsa.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Galmi, a Nijar. Da ƙuruciyarsa shi ke kora amalanken mahaifinsa, shanu biyu na ja, yana kai albasa bakin kwalta inda manyan motoci ke lodi. Ya zo Jidda yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya wani ɗan garinsu ya haɗa shi da kafilin da ke da mustaudan, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a gaban hukuma. Ranar da ya fara shiga ciki ya ji kamar ana soka masa allura a hanci, ya fito da niyyar ba zai koma ba. Washegari ya koma. Ya daɗe a wurin har gemunsa ya yi fari, ya kuma san halin sanyi ciki da waje. Har yau firigo yake ce wa ɗakin, irin na mutanen Nijar, kowa na cewa tallaja.

Matarsa Hajiya Mastura ba ta haɗa hanya da sanyi ba ko kaɗan. Tana sayar wa matan unguwa kuka da daddawa da yaji daga cikin gida, kuma in aka kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sai ta ja bargo ta lulluɓa har ka. Autarsu Nafissa a Jidda aka haife ta. Hausarta a cakuɗe take da Larabci, ta kuma iya Turanci, shi ya sa ta samu aiki a wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye a unguwar Madain Fahd, na wani mutum mai suna Tariq. Da ofishin ya fara kai iyalai yawon hutun hunturu can arewacin Finlan, inda ake hawa amalanke marar taya da karnuka ko barewar ƙanƙara ke ja, Nafissa aka zaɓa ta riƙa yi musu jagora, saboda mata sun fi sakewa da ita.

Kafin tafiyarta ta farko ta baje kayan da ta saya a tsakar falo. Alhaji Ousmane ya ɗauki takalmin ya jujjuya, ya ce ta sa shi da safa.

“Motsa yatsunki in gani.”

“Ba sa motsi, Baba. Ai daidai yake, ya kama ni sosai.”

“To mayar musu da shi. Takalmin da ya matse ƙafa shi ke kashe ta a firigo. Ki samo wanda iska za ta zauna a ciki. Kuma kada ki bari ki yi gumi, gumi ne ke juyawa ya cije ki.”

Ta yi yadda ya ce, ta je ta dawo lafiya. Tun daga nan, duk ayarin da zai tashi, sai ta roƙe shi ya zo ofis ranar Juma'a da la'asar ya duba wa matafiya kayansu. Yana jin daɗin abin ƙwarai. Zai sa farar jallabiyarsa, ya zauna a kujera, a riƙa buɗe masa shanta, wato jakar tafiya, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan a bari, wancan a ƙaro.

Wata Juma'a wani magidanci mai suna Nayef, da zai tafi da matarsa da 'ya'yansa, ya ji bayanin ya gamsu, sai ya tambaye shi, “Ya ammi, kai sau nawa ka je can?”

Alhaji Ousmane ya shafa gemu. “Ni? Ban taɓa zuwa ba. Ban ma taɓa ganin ƙanƙara ta sauko daga sama ba. Tawa a kwali take zuwa.”

Aka yi dariya, har da shi. Tariq na bayan tebur yana ji. Bayan an watse ya kira Nafissa ya ce mata kunya ta kama shi, a ce mutumin da ke shirya musu mutane bai taɓa taka wurin ba. Ya ce a ayarin tsakiyar hunturu a sa sunan mahaifinta da mahaifiyarta, ofis ya ɗauka.

Takardu sun ba da wahala. Sai da aka sabunta iƙama, wato takardar zama, aka nemi izinin kafili, aka yi ta zirga-zirgar biza. Amma wahalar da ta fi ita ce Hajiya Mastura.

“Ni ba inda za ni,” in ji ta. “Mutum da ransa a sa shi cikin tallaja? Alhaji ya je, shi ya saba.”

“Ummi, wallahi a cikin ɗaki akwai ɗumi. Ba sai kin fita ba. Ki zauna ki riƙa kallo ta taga, halas.”

“In kallo ne ai kina turo min hotuna.”

Alhaji Ousmane ya ce, “Hajiya, tun da na kawo ki garin nan ban taɓa kai ki ko'ina ba sai Makka da Madina. Wannan ma ba ni na kai ki ba, amma ki bari a ce tare muka je.”

Ta ci gaba da ƙulla daddawa a leda. Da ta gama ta ce a saya mata safa mai kauri, kuma za ta tafi da yajinta.

Sun sauka a wani ƙaramin filin jirgi da rana tsaka, amma gari kamar bayan magariba. Nafissa ta riga ta faɗa musu cewa a wannan lokaci rana ba ta cika fitowa ba, haske ne ke zuwa na ɗan lokaci ya koma, ta kuma tsara musu lokutan salla tun daga Jidda. Alhaji Ousmane ya fito daga jirgi da ƙarfin gwiwa, ya shaƙi iska, ya ji allurar nan da ya sani a hanci, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gamu da tsohon aboki. Sai da motarsu ta bar gari ta shiga daji ne jikinsa ya yi sanyi. Dogayen itatuwa sun sunkuya da nauyin dusar ƙanƙara, fari fat har iyakar gani, ba kwali, ba bango, ba ƙarar inji.

“Baba, lafiya? Ka yi shiru,” in ji Nafissa.

“Sanyin da na sani yana da ƙofa,” ya ce. “In ya ishe ka sai ka tura ka fita. Wannan ina ƙofarsa?”

Washegari aka kai su wurin karnuka. Tun daga nesa ake jin haushinsu, an jera su bibbiyu a igiya, suna tsalle suna neman a sake su. Alhaji Ousmane ya ja da baya ya ce shi zai tsaya ya riƙe wa mutane jaka. Hajiya Mastura, wadda aka ce za ta zauna a taga, ta biyo su ne don kada a bar ta ita kaɗai a masauki. An naɗe ta cikin kaya har idanu kawai ake gani. Ta tsaya tana kallon karnukan.

“Waɗannan murna suke yi ko faɗa?”

“Murna, Ummi. Gudu suke so.”

“Ba za su taɓa ni ba?”

“Suna gaba, ke kina baya a zaune. Ni zan tsaya a bayanki in riƙe birki.”

Ba wanda ya zaci za ta yarda. Ta zauna a kan shimfiɗar fata, aka rufe mata ƙafafu. Da aka saki igiya haushin ya ɗauke ɗif, amalanken ya zabura. Alhaji Ousmane ya bi su da ido har suka sha kwana, yana ta addu'a a ransa. Da suka dawo ta kan daskararren tafki, muryar da ya fara ji ta matarsa ce, tana cewa karnuka, “Yalla, yalla, 'yan albarka!” Ta sauko gashin idonta ya yi fari da ƙanƙara, tana dariya har tana riƙe ciki. Ya daɗe bai ji ta yi irin wannan dariya ba. Ta ce a sake zagayawa da ita, aka sake.

Ranar barewa ita ce ranarsa, ko haka ya ɗauka. Dabbar ba ta kai saniya girma ba, gashinta toka-toka, ƙahonta kamar rassan busasshiyar bishiya. Nafissa ta ce Larabawa na ce mata ranna. Mai garken wata tsohuwa ce gajera, mai jar hula, fuskarta duk tamoji. Alhaji Ousmane ya zagaya amalanken ya duba ɗaurin, ya taɓa igiyar, ya ce da Nafissa ta gaya wa matar shi tsohon mai amalanke ne, a ba shi igiya ya kora da kansa. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa.

Ya zauna, Hajiya Mastura a gefensa. Ya yi irin ƙaran harshen da yake yi wa shanun mahaifinsa. Barewa ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya kira ta da Hausa, ya kira ta da Larabci, ta sunkuyar da kai tana tonon ƙanƙara da kofato.

“Alhaji, ko a kira mai ita?”

“Bari, Hajiya. Dabba dabba ce.”

Ya miƙe tsaye ya girgiza igiyar da ƙarfi. Nan take barewa ta fizga, shi kuwa ya tafi da baya, ya nutse cikin tulin dusar ƙanƙara, ƙafafunsa a sama. Amalanke ya yi gaba da Hajiya Mastura ita kaɗai, ta kamo igiyar tana waige tana dariya. Nayef da ke cikin ayarin ya zo ya ciro shi, yana kakkaɓe masa baya yana cewa, “Salamat, ya Abu Talj.” Bai ji ciwo ko kaɗan ba. Ya zauna a wurin ya yi dariya har hawaye ya daskare masa a kumatu.

Tsohuwar ta dawo da amalanken ta nuna masa da hannu: a zauna, a saki igiya, a yi shiru. Ya yi hakan. Barewa ta kama hanya da kanta, a hankali, cikin itatuwa. Ba a jin komai sai ƙaramar ƙararrawar wuyanta da shuuu na katako a kan ƙanƙara. Sama ta yi wani launi tsakanin shuɗi da ja. Tafiyar ta yi masa daidai da tafiyar shanu in an sauke albasa ana komawa gida, sai ya ji mahaifinsa ya faɗo masa a rai. Ya yi masa addu'a a hankali. Hajiya Mastura ta ji, ta ce amin.

Bayan sun sauka aka shiga wata bukka mai tsini, wuta na ci a tsakiya, ana dafa gahawa a baƙar buta. Alhaji Ousmane ya zauna kusa da tsohuwar, Nafissa a tsakaninsu tana fassara. Ya tambaye ta me dabbobin ke ci a ƙasar da ba ciyawa. Ta fita ta kawo masa wani farin gansakuka a tafin hannu, ta ce shi suke tonowa a ƙarƙashin ƙanƙara. Ita kuma ta tambaye shi me shanunsu ke ci in ruwa ya ɗauke. Ya ba ta labarin harawa da karan dawa da ake tarawa a kan rumfa. Suka yi ta hira a kan kiwo har Nafissa ta ce bakinta ya gaji. Hajiya Mastura ta kwance yajinta ta barbaɗa a miyar kifin da aka kawo, ta miƙa wa tsohuwar. Matar ta ɗanɗana, ta yi tari, ta share ido, sannan ta miƙo kwanonta a ƙara.

Hasken nan mai launi da ake cewa yana rawa a sararin arewa, wanda yawancin ayarin suka zo dominsa, bai fito ba har suka tafi. Gajimare ya rufe sama. Wasu sun ji haushi. Alhaji Ousmane ya ce shi abin da ya gani a ƙasa ya ishe shi.

Sun dawo Jidda ya koma aikinsa. Labarin faɗuwarsa ya riga shi isa Mahjar, domin Nafissa ta ɗauka a waya, kuma shi da kansa yake nuna wa mutane. A ofis yana nan yana duba shanta ranar Juma'a, sai dai yanzu yakan ƙara da cewa in an hau amalanke a zauna, kada a miƙe.

Hajiya Mastura ce ta zama abin magana a Kurayyat. Matan da ke zuwa sayen daddawa sai su zauna a ba su labarin karnuka, wasu su ce ƙarya ne sai an nuna musu. Kafin hunturu ya zagayo, maƙwabciyarta Zubaidatu da wasu mata biyu sun sa 'ya'yansu sun yi musu takardu. Nafissa ta haɗa ayari na mata zalla, mahaifiyarta a ciki.

Shi ya raka su filin jirgi. Hajiya Mastura ta yi ta jaddada masa inda ta ajiye miya da yadda zai ɗumama ta.

“Na ji, Hajiya. Ku dai ku gaida min tsohuwar nan.”

“Za ta ji. Na ƙulla mata yajinta daban.”

Suka shige, Zubaidatu na tambaya ko takalminta bai yi mata yawa ba. Ya tsaya har suka ɓace cikin jama'a, sannan ya nemi mota. A hanya ya tuna bai san yadda ake kunna murhun gidan ba, sai ya ce da direba ya sauke shi wurin mai ful da tamis, wato wake da gurasa, na bakin layinsu.