Hular Kwanon Yuguda

A Kumbiya-Kumbiya aka haifi Donatus, kuma a nan ya gaji shagon gyaran rediyo na mahaifinsa. Inyamuri ne, amma in yana ciniki sai ka rantse Bagombe ne gaba da baya. Rediyon unguwar kaf sun san hannunsa.

Da bama-bamai suka fara tashi a gari, sai sana'arsa ta zame masa abin tsoro. Me ke kan teburinsa in ba batir da dalma da tsofaffin wayoyi ba? Mutanen da suka yi wasan ƙasa tare suka koma gaishe shi idonsu na kan teburin. Ya tabbata ranar da aka ce wani abu ya fito daga shagonsa, zamansa a unguwar ya ƙare, in ma an bar shi da rai. Sai ya fi kowa zargin mutane. Ko yaro ya zo sayen batir, sai ya faɗi sunan ubansa.

Ana haka wani dattijo ɗan acaɓa ya tsaya da hular kwano a hannu. Ya ce sunansa Yuguda, daga Kwadon yake. So yake a sa masa 'yan sifiku biyu cikin hular, a haɗa da wayarsa, a bi da igiyar ta cikin riga yadda ba mai gani.

"Baba, waƙa za ka riƙa ji?" in ji Donatus.

"Kira nake jira, Oga."

"Na wa?"

Yuguda ya kau da kai.

Donatus ya ƙura wa hular ido. Wa ke sa hular kwano a zafin Gombe, in ba mai ɓoye fuska ba? Ya ce a dawo gobe. Babur na juya baya Donatus ya nufi wurin Bamanga, shugaban 'yan sintirin unguwa. Washegari suka yi awon gaba da dattijon, aka karɓe wayar, aka kashe ta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Yuguda ya dawo, ya rame, hular na hannunsa. Ba a same shi da komai ba. Ya zauna a benci ba tare da ya ɗaga murya ba.

"'Yata Joda ke aure a Mubi," ya ce. "Ranar da 'yan bindiga suka shiga garin ta kira ni, ina kan mashin, ƙarar inji ta hana ni ji. Tun daga nan shiru. Da na ce maka ina jiran kira daga can, me za ka ɗauke ni? Igiyar kuwa, ka san abin da ake yi wa mai ita a shingen bincike."

Sai ya miƙo wayar. Da aka mayar masa ya kunna, saƙo ya shigo cewa wata baƙuwar lamba ta neme shi lokacin da yake tsare. Ya bi ta har ya gaji, ba ta shiga.

Kunya ta rufe Donatus. Ya ɗauki hular ya yi aikin a tsanake, ya gwada ta a kansa da injin babur a kunne, sai da ya ji ƙarar kira raɗau.

Har yau Donatus na shagonsa, ba wanda ya taɓa shi. Kullum Yuguda kan wuce da hularsa, gumi na zuba. Donatus ya ɗago kai ya dube shi, shi kuma ya girgiza kai ya wuce.