Takalman Baba Illo

Jama'a, ni ba mai son irin waɗannan labarai ba ne, amma wannan a kaina ya faru, na rantse da Allah, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Shekarun baya ina aiki a wani kamfanin takalman roba a Sharaɗa, daga Panshekara nake zuwa kullum. Aikina duba kaya: wanda ya yi kyau a sa a kwali, wanda ya lalace in tura shi injin niƙa a sake narkawa.

Muna da mai gadi, Baba Illo, dattijo ɗan Nijar, mutumin da ko harara ban taɓa ganin ya yi wa wani ba. Ya yi alƙawari tsakaninsa da Allah zai taka da ƙafa daga Kano har wani ƙauye bayan Damagaram, ya ziyarci kabarin malaminsa, shi da abokai shida, a tsakiyar bazara. Ya gama shirinsa tsaf irin na wanda ya san hanya: 'yar shara ta auduga guda biyu, malfa, gora, da takalmin taya da wani baduku ya yanka masa, ya shekara yana takawa har ya kwanta da ƙafarsa.

To a makon tafiyar ne muka fitar da wasu takalma sau-ciki da aka cika wa hoda a haɗin robar, don tsabar son a rage kashe kuɗi. In ka lanƙwasa sai ka ga ƙasan ya yi fari yana shirin tsagewa. Na ware su gaba ɗaya na ce a niƙe. Sai manajanmu, wani mai shegen son a yabe shi, ya ji labarin tafiyar, ya ce a ciro ƙafa bakwai a ba matafiya sadaka, a haɗa musu da riguna masu santsi kamar leda, masu tambarin kamfani, a ɗauki hoto. Sadaka fa! Abin da kai ba za ka sa wa ɗanka ya je shago ba.

Aka tara mu a bakin ƙofa ana ta murmushin ƙarya. Baba ya juya takalmin a hannu, ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne ka san kayan nan. Zai kai ni?" Manaja na tsaye a kafaɗata, ni kuma ina da mata da 'ya'ya uku, sai na ji bakina ya ce, "Zai kai ku, Baba." Wallahi na san ƙarya nake. Na ce a raina gobe zan same shi shi kaɗai in gaya masa gaskiya, ashe da asuba za su tashi. Ko da na iso sun yi nisa, na leƙa ɗakin gadi, ga takalmin tayar nan ya jere a ƙarƙashin benci.

Kwana na shida da tafiyarsu, da azahar, rana kamar ta fasa kai, na zaga famfon bayan kamfani zan yi alwala. Sai ga Baba Illo zaune a kan bulo, rigar nan ta manne masa a jiki sharkaf, ya miƙe ƙafa ƙarƙashin famfo. Ƙafar ta kumbura suntum, dunduniyar ta dare, ruwan da ke gangarawa ja ne. Ban ji tsoro ba, don na ɗauka mota ya biyo ya dawo. Na ce, "Subhanallahi, Baba, yaushe kuka dawo?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗauko mini nawa, da sauran tafiya."

Na ruga ɗakin gadi na suro takalmin, minti biyu ban yi ba. Na dawo babu kowa, famfo na zuba, bulon a jiƙe. Wurin nan lungu ne, hanya ɗaya gare shi, kuma ta gaban sabon mai gadi take bi. Na tambaye shi, ya ce tun safe babu baƙon da ya shigo, ya kuma dube ni kamar na sha wani abu. Na koma ciki da takalmin a hannuna.

Bayan mako guda ɗaya daga cikin abokan tafiyar, Malam Hassan, ya zo tattara kayan Baba. Ya ce tun kafin Kazaure takalman suka fara darewa a kan kwalta, su shida suka yar da nasu suka sayi silifa. Baba ya ƙi, yana ɗaurewa da tsumma, yana cewa wanda ya san kaya ya duba masa, ƙafarsa ce ba ta saba ba. Ashe yana da ciwon suga. Ƙafa ta yi bororo, ta fashe, ta ruɓe, rigar kuma ta hana jikinsa shan iska, aka yi aka yi ya hau mota ya ce alƙawari ya ɗauka. Ya cika a wani ƙauye bayan Daura, ranar nan da na gan shi a famfo, ana kiran azahar.

Ban san lokacin da na faɗa ofishin manaja ba. Na ce masa mugu, azzalumi, ka kashe tsoho saboda hoto. Ko gezau bai yi ba, wai kwana ne ya ƙare, kuma wa ya ce masa zai kai? A ranar aka sallame ni. Abin da ke ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Shi yana nan yana ƙiba, babu abin da ya taɓa zuwar masa. Ni Baba ya tambaya, wurina ya zo, ni kuma da wautata na tafi neman takalmi ban tsaya na ce ya yafe mini ba.

Takalmin tayar yana wurina, a kulle cikin akwati, ni kaɗai ke riƙe da makulli. Ranar da na ajiye shi zanen tayar raɗau yake. Bara na buɗe na ga dunduniyar ta suɗe, bana har ta fara hujewa, ga jar ƙasa a maƙale wadda ba irin ta Kano ba. Na kai wa malamai biyu, kowa ya ce in yi ta yi masa addu'a, ina kuwa yi.

Don Allah, in naku zai yi doguwar tafiya a ƙasa, ku bar shi da tsohon takalminsa da rigar auduga, kada ku ruɗe shi da sabo. In kuma mutum ya dubi idonku ya ce zai kai shi, ku gaya masa gaskiya ko waye a tsaye a bayanku. Ni dai na kai takalmin wurin baduku ya sake masa ƙasa, don ban san saura kwana nawa ya isa ba.