Haɓon da baƙin rawani ya ɓoye

Assalamu alaikum. Tun kafin azumi ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na cewa na tafi haƙar zinariya. Ba zinariya ba ce, jinya ce.

Waɗanda suka san ni sun san motar haya nake tuƙawa tsakanin Agadas da Damagaram.

Da bazara haɓo ya fara mini. Sai kaina ya yi nauyi, ƙeya ta riƙe, can jini ya tsinke ta hanci. Idan ya zuba sai in ji sakayau. Abokan tasha suka ce mugun jini ne ke fita, har suna tsokanata wai na samu ƙaho kyauta, ba sai na je wurin wanzami ba. Ni ma na yarda.

Dabarata ita ce ta kowa: in ɗaga kai sama, in jiƙa rawani, in ja shi bisa hanci. Rawanin baƙi ne, jini ba ya nunawa. Matata Hadiza tana wanke shi, ta ɗauka rini ne ke zuba. Ciwon kan kuwa asfirin nake saya masa wurin mai tebur.

Ranar da abin ya ƙwace, muna dab da Aderbissinat, mota cike da mutane. Na ɗaga kai kamar kullum, jinin ya koma maƙogwaro ina ta haɗiya. Sai hanya ta rabu biyu a idona. Da ƙyar na gangara gefe, na buɗe ƙofa na yi aman jini. Wata tsohuwa a bayana tana ta salati da jikarta a cinya. Wallahi na ji tsoro, kuma ba don kaina kaɗai ba.

Majo, wato ma'aikacin jinyar da ke ɗakin shan magani na garin, ya cusa mini auduga mai magani a hanci, ya auna ƙarfin bugun jinina. Ya ce, “Malam, tansiyonka ashirin da biyu, na mai lafiya kuwa sha biyu ne. Da wannan kake tuƙa mutane?”

Aka kawo ni asibiti a Agadas. Aka yi analiz, wato gwajin jini, aka ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, sai da ƙanena ya ba ni jini leda guda. Likita ta ƙone wata 'yar jijiya a hancin. Ta ce hawan jini ne ya daɗe a jikina, zafi ya busar da hancin, asfirin kuma ya hana jinin daskarewa. Ordonans, wato magungunan da aka rubuta mini, da gwaje-gwaje sun cinye kuɗin ragon layya.

Hadiza ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Malam, ashe jininka nake ta zubarwa a kwata?”

Alhamdulillahi, yanzu ina shan maganin tansiyo kullum, na rage gishiri, na koma bakin aiki. Na gode wa majon nan, da ƙanena, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Idan haɓo ya zo, ku zauna, ku sunkuyar da kai gaba, ku matse tattausan wurin hanci minti goma, kuna numfashi ta baki. Idan ya ƙi tsayawa, ko yana yawan dawowa, ko da jiri, ku tafi asibiti a auna ku.

Baƙin rawanin kuwa Hadiza ta kyautar da shi. Fari tas ta sayo mini, kuma duk dawowata daga hanya sai ta warware shi ta duba kafin ta ba ni ruwa.