Kwamfutar da ta hana Kawu zama

Tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka ba ta san gaggawa ba. In na kunna ta a shagona na buga takardu a Boɗinga, sai in share ƙofa in dawo tana nan tana tunani. Masu sayarwa a Sakkwato suka ce ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa: 'yar zubi na huɗu ce, duniya kuwa ta wuce na goma, kuma kowane zubi ya fi na bayansa sauri. Na ji kunya kamar ni aka zaga, na sayo sabuwa.

Abin da ban lissafa ba shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyata. Duk mako yakan shigo mota daga Shagari da wasiƙun ƙungiyarsu ta manoman albasa in buga masa. Babba ne, ba ya zuwa wurin ƙarami haka kawai, ba ya kuma zama in aiki ya ƙare. Amma jiran na'ura ba laifi ba ne. Cikin wannan jira yake ba ni labarin mahaifiyata, wadda ta rasu ina goye. Ba wanda ke yi mini zancenta sai shi.

Sabuwar ta cika alkawari, Allah ya sani. Kafin Kawu ya gama tambayar mutanen gida, wasiƙa ta fito da ɗuminta.

“Har an ƙare?” ya ce. “To, in tahi in samu mota.”

Mako na biyu ma haka. Na uku na yi dabara, na ce yau kwamfutar tana ciwo, na zauna ina danne-dannen banza. Ya gyara zama, ya fara labarin ranar da mahaifiyata ta bi shi fadama ta ɓace cikin dawa. Sai ya leƙo allon, ya ga wasiƙarsa zaune a kammale. Ya miƙe.

“Ɗana, kak ka wahal da kanka sabili da ni. Kana da aiki.”

Na yi rantsuwa ba ni da shi, bai saurara ba. Daga baya ma ya gane tunda abin ba ya ɗaukar lokaci, direba ya isa ya kawo wasiƙun ya mayar.

Yanzu ina gama aikin yini kafin azahar, in zauna ina kallon hanya. Abin yana ci mini rai. Har yau ban san wa ya gano ta cikin dawar nan ba.