Kalmomin da Suke Ƙarewa da Shan

Maigidana ɗan dako ne, amma bakinsa na akawu ne. A shekarun da muka zauna a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, aikinsa ɗaukar huhun goro daga sito zuwa mota, wani lokaci har tashar jirgin ƙasa. Bai taɓa zama a aji ba, amma duk inda ya ga akawu biyu sun tsaya suna zuba Turanci, sai ya rage sauri da kaya a ka yana kasa kunne. Gajerun kalmomi ba su dame shi ba. Dogaye yake so, masu cika baki, kuma ya lura yawancinsu da "shan" suke ƙarewa.

Daga nan ya yanke hukunci shi kaɗai, wai Bature ba ya yin doguwar kalma sai da abin da za a sha a cikinta. Ni ina cikin kulle, ina suyar waina ana fitar mini da ita, to shi ne jaridata. Yakan shigo da la'asar, ƙafa duk taɓo, ko ruwa bai nema ba ya ce, "Ke, yau na samo sabuwa. Ilakshan."

"Ita kuma shan me ce, Malam?"

"Zaɓe ke nan. Shan rana a layi."

Edukeshan, wato karatun boko, ya ce shan bulala. Saniteshan, wato tsabta, shan masifar duba-gari, mutanen nan da ke leƙa mana randa suna yatsina fuska. Injekshan kuwa ba gardama, allura ce, kuma kowa ya sha ta ya san ya sha. Wallahi wani lokaci haushi yake ba ni. Tuwo na hucewa, mutum ya zauna yana juya infomeshan a baki kamar ya samu alewa. In ce, "Haba Malam, Turancin nan za mu ci?" Ya ce ai ni baƙauyiya ce, in ce na ji, baƙauyiyar ce dai ta tuƙa tuwon. Sai da na tsufa na shiga ajin manya, na ga yadda ake rubuta su, ashe ko "sha" ɗin babu a rubuce. Wasu haruffa huɗu ne can daban suke bin su duka a wutsiya.

Da damina ne abin ya same shi. Yana hawa katakon da ake jinginawa a bayan mota, santsi ya kwashe shi, wani tsohon ƙarfe ya yage masa ƙwauri. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da dako, don in bai ɗauka ba ba mu ci ba. Ciwo ya zama gyambo. Wanzami ya yi nasa, aka daka ganye, aka yi tofi, ƙafa sai kumbura take tana baƙi. Har ta kai in zan wanke masa sai na riƙe numfashi, ina yi ina ɓoye fuska don kada ya gani.

Ubangidansa, mai siton goron, shi ya matsa aka kai shi asibiti. Ya dawo yana dogara sanda, zazzaɓi a jikinsa, amma fuska a sake.

"Likita Bature ne," in ji shi. "Ya duba, ya yi wa ma'aikaciyar magana, ita kuma Hausarta ba ta wuce 'ka dawo da mutanenka' ba. Amma na cafke kalmar, sau da yawa ya faɗe ta. Amfuteshan."

"Me take nufi?"

"Ai kin ji ƙarshenta. Wani magani ne mai ƙarfi za su ba ni in sha. Ko ya fi maɗaci ɗaci zan shanye shi."

Na ce Allah ya sa. Sai dai shi ba ya barin kalma sai ya ji fassararta daga bakin mai ilmi. Ya aika aka tambayi akawun ubangidansa, akawu ya ce bai taɓa jin ta ba. Mutumin da ke karanta jaridar Ikko tun daga farko har ƙarshe! Aka tambayi telan bakin masallaci wanda ya yi soja, ya ce a koma wurin akawu. Nan na fara zargin akwai abin da ake ɓoyewa, don mazan Sabo ba su saba cewa ba su sani ba.

Akwai wata Bayarabiya da ke shigo mana da garin rogo, Iya muke ce mata, 'yarta tana aiki a asibiti. Na ja ta bayan madafa na faɗa mata kalmar, na maimaita har ta riƙe. Da ta dawo ba ta ko sauke kwanonta ba. Ta dube ni ta ce, "Pele, iyawo," wato sannu amarya. Sannan ta sunkuya ta ja gefen tafinta a ƙasan gwiwarta, kamar mai yanka kabewa. Ta ce 'yarta ta ce in aka yi jinkiri, ba ƙafar kaɗai za ta tafi ba.

Na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. Na kuma ji haushin mazan nan ƙwarai, duk sun sani, sun bar wa mace.

Na same shi a tabarma ya miƙe ƙafar, yana korar ƙuda da mafici. Na durƙusa na ce, "Malam, ba na sha ba ne. Yankewa za su yi."

Maficin ya tsaya. Ya ce, "Daga ina?"

Na nuna masa a tawa ƙafar, don na kasa taɓa tasa.

"Ɗan dako mai ƙafa ɗaya," ya ce, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "A'a. Ba zan koma ba. Gara in tafi wa Ubangijina da jikina cikakke."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ban taɓa yi masa haka ba. Na ce, "Ni kuma ka bar ni da wa a garin mutane? Ƙafa aka ɗaura mini aure da ita? Ina da hannu, ina da tanda, ba za mu kwana da yunwa ba. Wallahi in ka ƙi komawa ban yafe ba!"

Ya sa aka kira masa liman, suka yi magana a zaure. Da ya shigo ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ba za a jefar masa da ƙafa a juji ba. A karɓo ta daga asibiti, a naɗe ta, a rufe ta a maƙabarta yadda ake yi wa jikin Musulmi. Ubangidansa ya ce shi zai tsaya a kan wannan, ya kuma aiko da farin yadi.

Ran da za a tafi da shi, na ɗauko yadin da almakashi, na tsaya ina juya shi, ban san nawa zan yanka ba. Sai ya matso ya miƙo mini ƙafar. Na shimfiɗa yadin daga gwiwa zuwa yatsu.

Ya ce, "Ƙara kaɗan, kada yatsun su fito. Ta ɗauki kaya da yawa."